Yadda muka kai Hajiya Damagaram daga Bauchi, mu shida a mota ɗaya

Maganar tafiyar nan Hajiya mahaifiyarmu ce ta tayar da ita ba ni ba. Mahaifinmu Malam, Allah ya jiƙansa, yana da wani amini a Damagaram ta Nijar, shekara ta fi talatin mutumin nan yana zuwa Bauchi fatauci, ya kawo fata da kanwa da dabino ya koma da goro da atamfa, kuma bai taɓa sauka wani wuri ba sai ɗakin zauren gidanmu, har mu yara mun taso muna ce masa Baba na Damagaram, da yawa a unguwa sun ɗauka ƙanin Malam ne na jini. To Malam ya rasu ƙarshen 2023, lokacin boda a rufe take saboda rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ga shi Baba tsufa ya kama shi ƙafa ta ƙi, ba zai iya bin hanyar daji a bayan mashin kamar yadda matasa ke yi ba. A waya ya yi mana ta'aziyya yana kuka har maganar ta kasa fita. Tun ranar Hajiya take cewa ita fa ta'aziyyar waya ba ta shiga ranta ba, tunda shi ba zai iya zuwa ba mu za mu je, zumunta a ƙafa take. Aka buɗe boda a Maris 2024 na yi ta cewa sai an ga hali, sai bayan damina, sai yara sun yi hutu, ranar nan ta kira ni ɗaki ta ce min "kai dai ka ce sai na mutu." Washegari na fara neman takardu.

Takardun su suka fi cin lokaci, don haka bari in tsaya a kansu. Mutanen bakin boda suna shiga su fita kullum da katin ɗan ƙasa ko ma da sanayya kawai, amma kai da ka taso daga Bauchi da tsohuwa da mace da yara uku da mota, kar ka yarda wani ya ce maka ai Nijar gida ne ba a buƙatar komai. Gida ne, amma ƙasa ce mai hukumarta. Ni da Hajiya muna da fasfo tun na aikin Hajji bai mutu ba, maman yara kuma na yi mata takardar tafiya ta ECOWAS a ofishin imigireshan, wadda take aiki shekara biyu kuma ta fi fasfo sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, yara na haɗa musu da takardun haihuwa da katin makaranta duk na yi fotokwafi bibbiyu na sa a leda. Biza dai ba a nema a lokacin, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90. Amma mu a Disamba 2024 muka je, Nijar kuwa ta kammala fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, don haka wanda zai tafi yanzu ya je ya tambayi direbobin layin da jami'an boda halin da ake ciki a satin da zai tashi, kar ya dogara da nawa kaɗai.

Sai yalo kad, katin allurar cutar shawara. Abin da mutane ba su sani ba shi ne katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma a jikinka, ba wai ka yi yau ka tafi gobe ba, amma in ka yi sau ɗaya shikenan har ƙarshen rayuwa. Autarmu ta yi kuka sosai ranar allurar, Hajiya ce ta lallashe ta da cewa za ta saya mata awarwaro a can.

Mota kuwa Sienna ce ta ƙanina, tawa ƙarama ce ba za ta ɗauke mu da kaya ba. Wani tsohon direba da ke lodin Kano ya zaunar da ni a tasha ya ce tunda takardun motar ba sunana ne a kai ba in sa mai ita ya rubuta min takardar izini da sa hannu da lambar waya da kwafin katinsa, sannan in yi inshorar da ake cewa birawun kad, wadda ke aiki in ka tsallaka da mota wata ƙasa ta yankin, don inshorarmu ta gida ba ta bin ka ƙetare. Ya ce in duba abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da sifiya taya mai kyau. Allah ya saka wa dattijon nan, duk abin da ya lissafa sai da aka tambaye ni.

Mun tashi bayan asuba, sanyin Disamba ga hazo, muka ɗauki hanyar Ningi, Kafin Madaki, Ningi, Birnin Kudu, Wudil, wajen sha ɗaya muna Kano. Ban tsaya a Kano ba sai shan mai, muka wuce Dambatta, Kazaure, a gefen hanya kana hango aikin layin dogon nan da zai tafi Maraɗi. A Daura muka kwana gidan wata 'yar uwar maman yara, da gangan na tsara haka, don ba na son in isa boda da yamma da tsohuwa a gajiye, kuma yara suka samu aka kai su rijiyar Kusugu wadda suka sha karantawa a makaranta.

Da safe kafin tara muna Kongolam. A nan na canji kuɗi kuma a nan ne jikina ya yi sanyi, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira dubu biyu da ɗari biyar a lokacin, alhali ina tuna lokacin da Baba yake zuwa mana wajen 2014 jakar nan ba ta kai naira ɗari huɗu ba. Na miƙa damin naira aka miƙo min 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba. Hajiya tana kallo ta tagar mota ta ce "ikon Allah, da su ke neman kuɗinmu."

Ɓangarenmu aka duba takardu aka buga hatimi muka wuce, sai ɓangaren Nijar a Ɗan Barto. Akwai 'yan sanda masu duba mutane, akwai duwan, su ne kwastan ɗinsu, su ke ba da takardar shigar mota ta wucin gadi da ake kira lese-fase, akwai jandarmomi. A wajen duwan muka daɗe, fiye da awa ɗaya, don takardar izinin da ƙanina ya rubuta da Turancin Ingilishi take, su kuma aikinsu da Faransanci ne, sai da aka nemo wanda ya karanta ya fassara, sannan jami'in ya ce in kira mai motar ya ji muryarsa, ga layina ya fara ɗaukewa, da ƙyar na samu sabis a gindin wata bishiya. Gaskiya ban ga laifinsu ba, motar sata da yawa ta hanyoyin nan take bi. Da ya gama ya leƙa motar ya ga Hajiya sai ya cire hular aiki ya ce "Inna sannu da hanya, ina za a tahi?" ta ce masa ta'aziyya za ta kai Damagaram, ya ce Allah ya gafarta wa mamaci. Babban yarona mai shekara sha huɗu ya matso kunnena yana cewa Baba ashe Hausa suke yi. Maganar ta dame ni fa, don na gane cewa duk abin da yaran nan suka sani game da Nijar bai wuce mai shayi da mai gadi da mai yankan farce da suke gani a Bauchi ba, kuma laifina ne da ban taɓa zaunar da su na gaya musu ba.

Daga nan hanya ta miƙe, Matamaye, Kance, sai Takeita inda ake haɗuwa da babban titin da ya taso daga Yamai ya bi Maraɗi ya wuce Damagaram har Diffa. Akwai kuɗin hanya da ake biya a shinge, su ba ka 'yar takarda, ka adana ta don za a tambaye ka a gaba. Abin da ya fi ɗaukar min hankali a wannan tsakanin itatuwan gawo ne, gonakin gero an girbe sun bushe ƙayau amma gawo kore shar a tsakiyarsu, ko'ina ka duba, ba kamar wajenmu da an sare an yi gawayi ba. Hajiya ta ce wa yara gawo shi ne itacen da ba ya cin arzikin damina, da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye, ganyen ya zama taki ga gero kuma inuwarsa ba ta danne shuka, da rani ya fito da sabo dabbobi su ci 'ya'yansa. Manoman can ba sa sare shi, in ya tsiro a gona sai su gyara shi su bar shi ya girma. Mun sayi rake a bakin hanya, mai zaƙi ƙwarai.

Tun kafin ka shiga gari duwatsu za su fara gaishe ka, manya manya a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera, mu 'yan Bauchi mun saba da dutse amma waɗannan a tsakiyar gidaje suke, wani gidan ma dutsen ne bangonsa na baya. Ɗan Baba na biyu ya tare mu a kan mashin a bakin gari muka bi shi har unguwar Zango.

Ba zan iya kwatanta shigarmu gidan nan yadda ya kamata ba. Baba yana zaune a kan buzu a zaure an jingina shi da bango, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na ce Baba ina wuni, ya riƙe kaina da hannu biyu yana shafawa bai amsa ba, can ya ce "muryar Malam ce sak." Hajiya ta tsaya daga bakin ƙofa da mayafinta ta ce "Alhaji mun zo, ya haƙuri," shi ma ya ce "ya namu haƙurin," daga nan babu wanda ya iya ƙara komai, matarsa ta fito ta rungume Hajiya suka shige ciki suna kuka, su biyun nan sun shekara talatin suna aika wa juna tsaraba, daddawa ta tafi turare ya dawo, amma ba su taɓa ganin fuskar juna ba sai ranar. Aka kira liman aka yi addu'a kamar ranar uku, maƙwabta suka yi ta shigowa suna mana gaisuwa, wasu sun san Malam a baki kawai. Shekara guda da rasuwar amma ni ranar ne na ji an gama zaman makoki.

Kwana biyar muka yi. Abu na farko da na ja kunnen yara a kai ruwa ne. Damagaram tana da matsalar ruwa tun fil azal, garin a kan dutse yake, famfo sai ya yi kwanaki bai zo ba a wasu unguwanni, 'yan garuwa ne ke kawowa a jarkoki a kura kuma da kuɗi. Ranar farko 'yata ta tsakiya ta ɗebi bokiti guda cike ta shiga wanka ta ƙarar, masu gida ba su ce uffan ba sai ma suka aika a ƙaro, amma maman yara ta lura da yadda su suke wanke kwano a ruwa kaɗan su zuba sauran a gindin dalbejiya, ta tara yaran a ɗaki ta yi musu faɗa a hankali. Daga ranar rabin bokiti kowa yake yi. Na so in biya kuɗin garuwar a ɓoye, ɗan Baba ya gane ya ɓata rai sosai, ya ce mahaifinsa ya sha ruwan gidanmu shekara talatin an taɓa kawo masa lissafi?

Hausarsu kuwa tamu ce sai inda Faransanci ya shiga, makaranta lakwal, malamin boko mushe, wutar lantarki kuran, in sun ce za su je likita asibiti suke nufi. Lissafin kuɗi ne mai wuya, ba sa ƙirga sefa ɗaya ɗaya, da dala suke yi, dala ɗaya sefa biyar ce. In mai kaya ya ce dala ashirin to sefa 100 yake nufi, dala ɗari sefa 500, dala ɗari biyu ita ce jaka. Hajiya ce ta fi mu saurin kamawa don ta ce haka iyayensu suke lissafi a da.

Rana ta uku aka kai mu Birni, tsohon gari, inda fadar Sarkin Damagaram take. Baba ya nace sai an ɗauke shi an sa a mota ya raka mu duk da ƙafar, ya ce ba zai bari wani yaro ya ba jikokin Malam tarihin garinsa ba. Dogarai da jajayen riguna da rawani a ƙofar fada, aka nemi izini aka haɗa mu da mai zagayawa da baƙi, soraye masu kauri na ƙasa, sanyi a ciki kamar an kunna iyakwandishan. Baba yana zaune a inuwa yana ba yara labarin Sarki Tanimun wanda ya yi mulki har 1884, shi ya kewaye garin da ganuwa, a zamaninsa maƙeran Damagaram suke ƙera igwa da kansu, ayarin raƙuma na zuwa daga Agadas da Bilma da gishiri har da na Turabulus, su sauka a Zango, asalin sunan unguwar kenan. Ya dubi babban yarona ya ce "ku Bauchi Yakubu tuta ya karɓo daga Shehu, mu kuwa ba mu taɓa bin Sakkwato ba, da Barno muke, har Kano mun kai wa yaƙi zamanin Sarki Alu," yaron ya ce to Kaka wa ya ci, Baba ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun zuwanmu ya ce je ka tambayi Kanawa. Sannan ya faɗa musu yadda aka kashe wani kyaftin na Faransa mai suna Kazamaju a garin a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ta zagayo Faransawa suka dawo da bindigogi aka gwabza a Tirmini, garin da muka wuce a hanya ban ma san me ya faru a wurin ba. Kuma wai Damagaram ce hedikwatar Nijar gaba ɗaya a zamanin Turawa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Ni kaina da shekaruna ban san wannan ba.

Inda ya yi shiru shi ne wajen tsohon masallacin Birni, na ƙasa, wanda aka gina tun wajen 1850. Ruwan saman da aka yi farkon Satumba 2024 ya rushe shi, wata uku kacal kafin zuwanmu, abin da muka tarar tarin ƙasa ne da azara. Baba ya ce a nan shi da Malam suka yi sallar la'asar sau ɗayan da Malam ya taɓa zuwa Damagaram, kafin a haife ni. Na tsaya ina kallon wurin ina tuna tamu ganuwar ta Bauchi, sunayen ƙofofi dai suna nan, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa, amma ginin ƙasar nawa ya rage, kuma wa ke yaɓe shi kafin damina. Gidajen Birni da na Zango masu zane a fuska, dagi da sauran ado da launi, wasu an gyara suna sheƙi wasu suna zubewa. Akwai barikin soja a kan dutse tun na Faransawa, an gargaɗe mu tun a gida kar wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoto a wajen, ko kusa da duk wani shingen jami'an tsaro, na karɓe wayar yaron na sa a aljihu har muka wuce.

Ranar Alhamis kasuwar Dole, a nan mata suka ƙwace tafiyar. Takalman fata da jakunkuna da fulullukan fata na dukawan garin, gishirin Bilma kantu kantu, dabino, cuku na Buzaye wanda ake ci da shayi, turaren wuta, autarmu ta samu awarwaronta. Da naira a kanka komai zai yi maka tsada, sai na daina juya lissafin don kar in hana su sayen komai. Kilishi da alkaki kam ba a magana, alkakin Damagaram ya yi suna kuma ya cancanta. Da safe dogon burodin nan mai ƙarfin ɓawo da shayi, da rana fura mai kauri ta gero zalla, da dare tuwo, bayan isha'i samarin gidan su hura gawayi su dafa shayi a ƙaramar buta zagaye uku, na farko ɗaci kamar magani, a nan hira take daɗewa. A wajen shayin ne suka ba ni labarin watannin da boda take rufe, wuta ta ɗauke don daga Najeriya layinsu yake zuwa, magani ya yi tsada, wani maƙwabcinsu da 'yarsa ke aure a Daura, tafiyar da ba ta fi awa uku ba, ta haihu bai ga jikan ba sai da ya fara zama. Ba su faɗa da fushi ba, amma ni na ji kunya, duk da ba ni na rufe ba.

Daren da za mu taho Baba ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar gafaka, ya zaro wani littafin lissafi da ya yi ja don tsufa, duk da ajami, buhu kaza na kanwa, turmi kaza na atamfa, ranar kaza. Ya buɗe wani shafi ya ce in duba, rubutun Malam ne, na gane shi tun daga yadda yake jan wasalinsa. Shekara da shekaru suna ba juna kaya bashi babu shaida babu sa hannu sai littafin nan, in ya cika shekara su zauna a zaurenmu su daidaita. Ya ce shafin ƙarshe ba su samu sun rufe ba, akwai saura na Malam a wajensa, ya ciro kuɗi a ƙulle a leda ya ajiye a gabana. Na ce Baba wallahi ba zan ɗauka ba, mun yafe. Ya ce ba naka ba ne kai kaɗai balle ka yafe, na magada ne, kai wa uwarka da ƙannenka, kar ka bar ni in je in same shi da nauyi. Na ɗauka. Na roƙe shi littafin, ya ce a'a, sai bayan ransa, ya riga ya gaya wa 'ya'yansa wanda za a ba.

Dawowa ba mu sha wuya ba, na mayar da lese-fase a Ɗan Barto aka soke, wannan kar ka manta da shi in ba haka ba a takardunsu motar tana cikin ƙasar har yanzu. Mun tashi da asuba muka yi ta a yini ɗaya, tara na dare ta wuce muka shigo Bauchi, but ɗin mota cike da gero da dabino da alkaki da wani buzu sabo da Baba ya ce a shimfiɗa a ɗakin zaure inda yake kwana. Hajiya ba ta yi maganar gajiya ba ko sau ɗaya, da safe na same ta ta baje alkakin a faranti tana kasawa gida gida na unguwa, tana gaya wa yaran da za ta aika su ce daga Baba na Damagaram ne, yana gaida kowa.